Katin Bindigata Bai Tsallaka Iyakar Niyu Jazi Ba

Shekara tara na yi a Amurka. Yanzu idan abokai suka taru a ƙofar shagona a unguwar Rikoto cikin Zuru suna son labari, tambayarsu kullum a kan dogayen benaye ne da manyan motoci. Ni kuwa abin da ke fara zuwa mini a rai mutane ne uku ko huɗu, da wani ɗan kati mai girman tafin hannu wanda ya kusa cinye rayuwata.

Sunana Markus, ɗan Saje Dauda, tsohon soja. A Zuru wannan ba abin alfahari ba ne sosai, don gidajen da babu soja a cikinsu ana iya ƙirga su. Cacar biza na ci, na bar matata Rifkatu da 'yarmu mai shekara biyu a hannun iyayena, da alkawarin zan kira su da zarar na zauna da gindina.

Atlanta na fara sauka. Wani ɗan ƙasarmu da aka haɗa ni da shi ta waya ya tarbe ni, ya rungume ni kamar ɗan uwansa na ciki ɗaya. Ya kai ni wani ɗaki inda muke kwana mu shida a kan katifu a ƙasa, ya karɓi takarduna ya ce zai yi mini rajistar aikin gadi. Wata biyu ina zaune ina jira, ina cin burodi da ruwan shayi. Sai wata rana ɗaya daga cikin abokan kwanana, wani ɗan Kamaru, ya ja ni gefe ya gaya mini cewa akwai wanda yake aiki da sunana a wani kanti tun makon da na zo. Ban yi faɗa ba. Na jira mutumin da ya karɓi takarduna ya dawo, na tsaya a bakin ƙofa na ce ba zai fita ba sai ya ba ni takarduna. Ya dubi faɗin kafaɗata ya ba ni. Ranar na bar gidan.

Daga nan sai masana'antar yanka kaji a arewacin Jojiya. Shekara biyu ina tsaye cikin sanyi da wuƙa a hannu, kaji suna wucewa a rataye ba su ƙarewa. Wata dattijuwa 'yar Meziko da ke tsaye kusa da ni ta lura ba na zuwa da abincin rana, sai ta fara kawo mini wata irin waina ta masara mai faɗi da wake a ciki. Ba na jin yarenta, ba ta jin nawa, Turancinmu duka a karye. Amma ita ce ta nuna mini kantin da ake sayar da garin masara, na fara tuƙa tuwo a ƙaramar tukunya. Bai kai tuwon dawa na mahaifiyata ba, amma ranar da na fara ci sai da na ajiye lomar na share ido. Ranar Lahadi kuwa ita ce mafi wuya. Cocinsu akwai piyano da kujeru masu taushi, amma babu kiɗan tulu na zumuntar mata. Nakan kira Rifkatu daidai lokacin da suke gwajin waƙa, in ce ta ajiye wayar a kan benci ta tafi abinta, ni dai in saurara.

Wani tsohon baƙar fata mai suna Luwis ne ya fitar da ni daga wurin kaji. A coci muka haɗu, direban tirela ne da ya yi shekara talatin a kan hanya. Ina kiransa Baba Luwis, shi kuma yana dariya yana cewa 'ya'yansa ma ba sa girmama shi haka. Shi ya matsa mini na shiga makarantar tuƙi, shi ya kai ni kamfaninsu, wata shida muna mota ɗaya kafin a ba ni tawa. Na so aikin nan. Idan na hau hanyar Alabama da damina, gonaki na wucewa kore shar, sai in ga kamar daga Zuru zan tafi Ribah.

A shekara ta biyu da fara tuƙi aka yi mini fashi. Da rana tsaka ne, a filin ajiye motoci na wani gari a Tenesi. Samari biyu, ɗaya ya ɗora mini bindiga a ciki, ɗayan ya lalube ni. Abin da ya fi yi mini ciwo wayata ce, don a cikinta akwai hotunan 'yata tun tana rarrafe, da saƙonnin murya na Baba, mahaifina, yana ba ni labarin gona da wanda ya rasu da wanda ya yi aure. Da na koma Jojiya na je ofishin da ake ba da izinin ɗaukar bindiga a ɓoye a jiki, aka ɗauki zanen yatsuna, aka bincika tarihina, bayan wasu makonni kati ya zo da hotona. Na sayi 'yar ƙaramar bindiga ta hannu, na je wurin koyon harbi har na iya ta.

Baba bai ji daɗi ba da na gaya masa. Ya ce shi da ya yi shekara ashirin da biyar da bindiga a kafaɗa, ko sau ɗaya bai taɓa shiga gida da ita ba, ma'ajiyar bariki yake mayar da ita ya sa hannu. Na ce masa nan ba gida ba ne, kuma ina da takardar hukuma. Sai ya tambaye ni ko ina cin abinci sosai.

Katin ya yi mini aiki shekara biyu. A Alabama wani ɗan sanda ya tsayar da ni, na gaya masa ina da bindiga kamar yadda aka koya mana, ya duba katin ya mayar mini, har muka yi hirar kamun kifi. A Karolina ma haka. Sai na ɗauka katin nan kamar lasisin tuƙi yake, inda duk na shiga a ƙasar zai yi aiki. Ni ɗan bariki ne. An kai Baba Maiduguri, an kai shi Inugu da Legas, ban taɓa jin an ce kakinsa ya daina aiki don ya tsallaka gada ba. Ƙasa ɗaya ce, tuta ɗaya, kuɗi ɗaya. Ko a mafarki ban kawo cewa sai in tambaya ba.

Wata Talata wani direba ya kwanta rashin lafiya aka ba ni kayansa, katako ne za a kai Niyu Jazi. Ban taɓa yin arewa haka ba. Baba Luwis ya riga ya yi ritaya ya koma ƙauyensu, da ya ji da ya hana ni. Na wuce Bajiniya, na wuce Merilan, na shiga Niyu Jazi da hantsi. A wurin sikelin manyan motoci wani ɗan sanda ya ce in tsaya gefe, fitila ɗaya ta baya ta mutu. Mutum ne mai fara'a, yana tambayata daga wace ƙasa na zo. Na miƙa masa lasisi, na haɗa da katin, na ce masa ina da bindiga a ƙuguna kuma ga izinina. Babu wanda ya tambaye ni. Da bakina na faɗa.

Na ga fuskarsa ta canja. Ya ja da baya, ya ce in ɗora hannuwana a jikin mota. Bayan ya cire bindigar ya ɗaga katin ya ce mini a hankali, "Wannan a Jojiya yake aiki. Nan Niyu Jazi ne." Ina tsaye ina ƙoƙarin yi masa bayanin Alabama da Karolina na ji sanyin ankwa a wuyan hannuna.

Kwana goma sha ɗaya na yi a tsare. Kamfani ya aiko aka ɗauki motar, ya kore ni, don ashe dokarsu ma ta hana bindiga a mota, a cikin takardun da na sa wa hannu ban karanta ba. Lauyar da hukuma ta ba ni, wata mace mai furfura da tabarau, ita ta zaunar da ni ta warware mini abin. Ta ce kowace jiha da dokarta. Wasu sun amince da katin juna, wasu ba su amince da na kowa ba sai nasu. Ta ce tun a Merilan na shiga laifi ban sani ba. Hukuncin a nan shekaru ne a kurkuku, kuma tunda ni ba ɗan ƙasa ba ne, ranar da na fito jirgi za a sa ni, maganar kawo matata da 'yata kuma ta mutu. Na tambaye ta yadda za a yi mutum ya zama mai bin doka da safe, ya zama mai laifi da hantsi, alhali bai yi kome ba sai tuƙi. Ta ce 'yan majalisa sun daɗe suna jayayya a kan wannan. Wasu na son a yi doka ɗaya da za ta tilasta wa jihohi amincewa da katin juna, wasu na cewa birni mai cunkoso ba zai yarda wata jiha ta zaɓar masa wanda zai yawo da bindiga a titinsa ba. Ta ce jayayyar ba za ta fitar da ni ba, abin da zai fitar da ni yanzu shi ne adireshi a jihar da mutumin da zai ce a gidansa zan zauna har a gama shari'a.

Ban san kowa ba a Niyu Jazi. A rana ta shida ina zaune ina addu'a a fili da Hausa, sai wani gandiroba ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Kai Bahaushe ne?" Ɗan zangon Kumasi ne ta ƙasar Gana. Na ce masa ni Badakkare ne daga Zuru. Bai san Zuru ba, amma ya ce a masallacinsu akwai wani dattijo da yake yawan ambaton jihar Kabi.

Bayan kwana biyu aka ce ina da baƙo. Na tarar da wani siririn tsoho da farar hula a bayan gilashi. Ya ɗauki wayar, ya gaishe ni da C'lela, karyayye ƙwarai, irin wanda 'yan kasuwa ke koya don ciniki. Shekara shida rabon da wani ya yi mini yarenmu ido da ido. Ya jira na natsu, sannan ya koma Hausarsa ta gida.

"Ni Umaru na, mutumin Bena. Ɗan wa kake a Zuru?"

Na gaya masa. Ya ce bai san Baba ba, amma ya san unguwarmu, ya sha sayen dawa a hannun mutanenmu yana kaiwa Gusau. Ya tambaye ni ko na harbi wani. Na ce ban taɓa ba. Ya ce, "To shi ke nan. Ka hwaɗa ma lauya kana da gida."

Alhaji Umaru yana da ɗan shago a birnin Nuwak cikin Niyu Jazi, yana sayar da turare da huluna da man kaɗanya, yana kwana a ɗakin da ke sama. Da aka ba da belina, nan na zauna wata bakwai. Ya ba ni gado shi ya koma tabarma, na yi rantsuwa na yi magiya bai saurare ni ba. Ranar Lahadi ta farko shi ya ƙwanƙwasa mini ya ce in tashi kada in makara, ya raka ni har ƙofar wani cocin mutanen Gana ya juya. Da azumi ya zo ni nake tuƙa tuwo kafin a sha ruwa, yana yi mini tsiya wai tuwon Dakarkari sai mai haƙori. Da yamma mukan zauna a shago mu yi ta lissafin garuruwa: ya ce Kanya, in ce Dirin Daji, ya ce Wasagu, in ce Dabai. Yana tuna kowace gada da kowace tsamiya a hanyar Bena, har da mai tuyar ƙosai a tasha, wadda na tabbata ta daɗe da mutuwa. Na taɓa tambayarsa yaushe rabonsa da gida, ya ce an kwana biyu, ya tashi ya hau gyaran kwalabe.

A wata na huɗu Rifkatu ta kira ta ce jikin Baba ya yi tsanani. Fasfona yana hannun kotu. Lauyata ta roƙa, aka ce ba zai yiwu ba. Na yi magana da shi sau ɗaya, muryarsa ta yi ƙasa sosai. Ban taɓa gaya masa an kama ni ba, na ce aiki ne ya riƙe ni. Ya ce in riƙe aikina da kyau. Bayan kwana biyar ya rasu. Ta waya na kalli jana'izarsa, ƙanena yana riƙe da ita, ina ganin tsofaffin sojoji abokansa sun jeru da sandunansu suna sara masa. Alhaji ya rufe shago kwana uku. Ya shimfiɗa tabarmi, mutanen masallacinsu suka yi ta zuwa, 'yan Nijar da 'yan Gana da 'yan Kano, suna yi mini ta'aziyyar wani tsohon soja Kirista da ba su taɓa gani ba.

Sau huɗu muka je kotu, kuma duk zuwan Alhaji na tare da ni cikin farar babbar riga. Na lura idan muka zo ƙofa inda jami'ai ke bincike, zufa takan karyo masa ko da ana sanyi, leɓensa na motsi. Na ɗauka tsufa ne. Baba Luwis ya rubuto wasiƙa da hannunsa, fastonmu na Jojiya ya rubuto, ɗan sandan da ya kama ni ma ya shaida cewa da kaina na faɗa. A zama na ƙarshe mai gabatar da ƙara ya yarda a sa ni cikin shirin da ake yi wa masu laifin farko: shekara guda a ƙarƙashin sa ido, bindiga ta zama ta hukuma, idan na gama lafiya a shafe ƙarar. Da muka fito Alhaji ya zauna a kan matakala ya daɗe bai tashi ba.

Na koma Jojiya na ƙarasa shekarar ina aikin loda kaya a wani sito. An shafe ƙarar, an mayar mini da fasfo. Amma wani abu ya riga ya fita daga raina. Mahaifiyata ta tsufa ita kaɗai, 'yata ta shiga aji huɗu ba ta san ni ba sai a waya. Na yi wata shekara na tara abin da zan tara, na yanke shawarar komawa. Na bi ta Nuwak na yi wa Alhaji sallama. Ya ba ni ƙunshi, turare ne da atamfa da tabarau na karatu, ya ce in kai wa yayarsa Hassi, wadda ta baro Bena saboda rashin kwanciyar hankali tana zaune a Zango cikin Zuru. Na ce masa ya kamata shi ma ya zo ya ga gida. Ya ce in Allah ya yarda.

Sai da na yi mako biyu da dawowa gida, na je kabarin Baba, na saba da 'yata, sannan na nemi gidan. Ƙarshen damina ne. Na tarar da Inna Hassi a tsakar gida tana tsince gyaɗa, kamanninsu ɗaya da Alhaji har yadda take karkata kai. Ta sa aka kawo mini fura, ta buɗe ƙunshin tana shinshina turaren. Na ba ta labarin duk abin da ƙanenta ya yi mini, har zuwanmu kotu sau huɗu. Sai ta ajiye kwalbar ta dube ni.

"Kotu? Umaru ya shiga kotu da ƙahwatai?"

Na ce ƙwarai. Ta ce ashe bai gaya mini ba. Bizar wata shida ya tafi da ita shekara ashirin da biyu da suka wuce, bai da takardar zama ko ɗaya. In ya fito ba zai iya komawa ba, shi kuma ke ciyar da gidaje uku. Uwarsu ta rasu bai zo ba, matarsa ta rasu bai zo ba. Ta ce ko asibiti tsoron zuwa yake yi.

Na zauna da ƙwaryar fura a hannu na kasa sha. Mutumin nan ya rubuta sunansa da adireshinsa ya miƙa wa alƙali saboda ni, ya bi ta gaban jami'ai sau huɗu, ni kuwa ina ganin zufarsa ina cewa tsufa ne.

Nan take na kira shi a wayar bidiyo. Safiya ce a can, yana buɗe shago. Suka gaisa da yayarsa suka yi ta tambayar 'yan uwa, sannan na karɓa na fita ƙofar gida. Na ce, "Alhaji, don me ba ka gaya mini ba?"

Ya ce, "In na hwaɗa maka, da ka hana ni zuwa."

Na tambaye shi ko bai ji tsoro ba. Ya ce ya ji mana, kowane zuwa sai ya bar wa maƙwabcinsa makullin shago. Ya matso da fuskarsa kusa da wayar yana leƙen bayana, ya ce, "Markus, wancan kore da nike gani, dawa ta?"

Na ce ita ce, ta fitar da kai, saura kaɗan a yanka.

"Juya min wayar."

Na juya. Gonar wani ce kawai a bayan unguwa, iska na kaɗa zangarniya, awaki biyu a ɗaure, wata mata na wucewa da itace a kafaɗa. Na riƙe wayar har hannuna ya gaji na sauya hannu. Can na ji ƙararrawar ƙofar shagonsa, wani mai saye ya shigo yana yi masa magana da Turanci. Alhaji ya ce masa ya ɗan jira.